Shafin da Ban Koya wa Abu Samir Ba

Awa shida na yi a kan benci a gadar da ke tsakanin Jodan da Yammacin Kogin Jodan, yankin Falasɗinawa, ranar da na fara shiga. Fasfo ɗina yana hannun wata soja da ba ta kai ƙanwata shekaru ba, tana shiga da shi wani ɗaki tana fitowa, ba ta ce mini ci kanka ba. Ni kuwa na ƙame cikin rigar hukumarmu, 'yar shara mai tambari a ƙirji, wadda na goge da safe a masauki har tana ƙyalli. A wajenmu irin wannan rigar ita ke buɗe hanya. Tsakanin Gashuwa da Damaturu, in soja ya hango tambari a jikin mota, hannu kawai zai ɗaga ka wuce. To, da wannan tunanin na zo. Sai bayan la'asar aka sake ni, direban da aka turo ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce da na tambaye shi da ya ce in cusa ta can ƙasan jaka.

A hanya ya warware mini. Hukumar da ta ɗauke ni aiki ta ƙasa da ƙasa ce, kuma tsakaninta da gwamnatin Isra'ila an daɗe ba a ga maciji. Gwamnati na cewa hukumomin nan sun ɗauki ɓangare, ba sa ganin jinin 'ya'yanta in ya zuba, har tana zargin wasu ma'aikatansu. Su kuma hukumomin suna cewa ana hana su aiki, ana tsare musu kaya, ana kashe musu mutane. Manya na can suna aika wa juna wasiƙu masu zafi, mu ƙanana kuma a kan fasfo ɗinmu zafin ke sauka. Bizar shekara guda aka yi mini alkawari. Da na buɗe takardar da sojar ta ba ni, wata uku na gani.

Sunana Bukar, mutumin Gashuwa ne ni, kuma sana'ata gyaran injin wankin ƙoda. Wanda ya san garinmu ba zai tambayi dalili ba. Da wuya ka shiga layi a Gashuwa ba a nuna maka gidan da ciwon ƙoda ya ɗauki wani ba. Namu gidan mahaifiyata ya ɗauka. Ina tsaye a kanta wata rana aka ce inji ya lalace, mu dawo jibi, kuma ba ta kai jibin da ƙafarta ba. Daga nan na bar gyaran janareta na tafi Sudan na koyi wannan, a can kuma Larabcina ya nuna.

Amma hannuna ba a Sudan ya samu horo ba. A Nguru ne, a shagon Malam Ari, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda na yi shekara bakwai ina koyon rediyo da janareta. Malam Ari yana da ƙa'ida, kuma ba shi kaɗai ba, haka duk masu sana'ar hannu suke a wajenmu. Zai koya maka kwancewa, ya koya maka ɗaurawa, ya koya maka gane ciwo da kunne. Amma akwai mataki na ƙarshe, wanda ke sa abu ya tashi ya yi aiki, wannan ba ya nuna shi sai ranar da zai yaye ka. In an zo wurin sai ya aike ka sayen goro. Yana cewa wanda aka ba komai da wuri ba ya zama ya ƙware, kuma ba ya ganin girman wanda ya ba shi. Na ji haushin abin ina saurayi, na rantse ni ba zan yi wa kowa haka ba. Kayya.

Asibitin da aka kai ni ƙarami ne, a wani gari da ke kan dutse, zaitun ta ko'ina. Inji uku na tarar, biyu na aiki, ɗaya an lulluɓe shi da zanen gado a kusurwa. Marasa lafiya goma sha ɗaya ne ke rabon biyun. Babban asibitin birni ba shi da nisa in ka duba taswira, amma akwai shingen bincike biyu a tsakani, wata rana a buɗe, wata rana a rufe, ga shi can ma a cike yake. Mai riƙe da ɗakin wata babbar nas ce, Ummu Yusuf, mace mai faɗa irin na gwaggona. Ranar farko ta ce mini an turo mata masu gyara uku kafin ni, kowanne bizarsa ta ƙare ya tafi, don haka kar in sa ran za ta haddace sunana.

A mako na biyu na san Abu Samir. Dattijo ne siriri mai farin gashin baki, yana kwance tiyo biyu a hannunsa na hagu, jininsa na zagawa cikin inji. Ina wucewa ya kira ni da yatsa, ya ce famfon da ke ƙasa yana tari. Na ce masa lafiyar injin ƙalau, allon bai nuna komai ba. Ya ce shi shekara arba'in ya yi yana gyaran wayarin mota, kuma sau uku a mako yake kwanciya awa huɗu kunnensa a jikin wannan abu, ya fi sanin muryarsa a kan ta matarsa. Na ji haushi, wallahi. Amma da aka sauke shi na buɗe, na tarar da gaskiyarsa.

Tun daga ranar muka ƙulla. Ya tambayi sunan ɗana na fari, na ce mace ce, Falmata, sai ya koma kirana Abu Falmata, duk garin suka ɗauka. Ya lura ba na cin abinci sosai. Ni kuwa kewa ce ke cina. Burodi da man zaitun safe da yamma, ga sanyin da ke shiga ƙashi, ga shi ko'ina ka duba dutse ne, babu fadama, babu kogi, babu ƙamshin bandar kifi. Na taɓa kwatanta masa burabusko da miyar kuka har ina haɗiyar yawu. Bayan kwana biyu sai ga matarsa ta aiko da kwano, ta ɓarza alkama ta turara, ta yi wata miya mai yauƙi da ganyen lalo. Ko kusa ba burabusko ba ne. Na cinye tas, na juya baya don kar Ummu Yusuf ta ga idona.

Matsalarmu kayan gyara. An ce suna tashar jirgin ruwa tun kafin in zo, ana jiran sa hannu, kuma wanda zai sa hannun ba ya amsa wasiƙar hukumarmu. Ƙa'idar hukuma ita ce ba a farfaɗo da abin da ya mutu, sabo ake sawa. Na ce wa likita ni a Nguru na tashi, inda ba a jefar da ko ƙusa. Na yaye zanen da ke kan inji na uku na fara cire abin da ke da sauran rai a cikinsa. Abu Samir ya fara zuwa ranakun da ba nasa ba, ya ja kujera ya zauna, yana miƙo mini sukudireba tun kafin in nema. Likita ya yi gunaguni, daga baya ya kau da kai.

Abin da gawar injin ba ta da shi shi ne famfon da ke gauraya ruwa da magani, kuma na injinan biyu duk sun tsufa. Direbanmu ya ce akwai wani dattijo Bayahude a bayan birnin Ƙudus da ke sayen tsofaffin kayan asibiti. Sunansa Ezra. Na je, kuma don taurin kai na sake sa rigar nan, ina ganin za ta nuna masa ni ba ɗan damfara ba ne. Yana ganin tambarin ya ɗaure fuska. Da Larabci ya yi mini magana, iyayensa daga Iraƙi suka zo. Ya ce mutanenku sun iya ƙirga matattu, amma da ido ɗaya suke ƙirgawa. Ya ce an kashe jikan 'yar'uwarsa, kuma bai ga wanda ya zo daga hukumominmu ya yi musu gaisuwa ba. Na so in ce masa a garin da nake ma babu gidan da ba a yi makoki ba, kuma su ma suna cewa ba a ganin nasu. Na dai haɗiye. Na yi masa ta'aziyya kamar yadda ake yi a wajenmu, na ce Allah ya ba su haƙuri, na juya zan tafi.

Ya tambaye ni me na zo nema. Da na faɗa sai ya shiga can ciki, ya daɗe, ya fito da famfo biyu a cikin tsohuwar jarida. Ya ce matarsa shekara shida ta yi a kan irin wannan inji. Ya ƙi karɓar komai.

"Ba don rigarka ba," in ji shi. "Kuma ka cire ta kafin ka kai shinge, in ba haka ba a can za a ƙwace su."

Na cire ta a gabansa. Ban sake sa ta ba har na bar ƙasar.

Famfo ɗaya na sa a injin da ya fi jin jiki, ɗayan na ajiye a kabad. Abu Samir yana gefe yana kallo. A lokacin ya iya kusan komai. Ya iya wanke hanyar ruwa, ya iya canza mataci, ya iya kwance famfo ya ɗaura ya fi ni tsafta. Saura abu guda. In an canza wannan famfo, injin ba zai yarda ya tashi ba sai an shiga wani ɓoyayyen shafi a allonsa an saita ma'aunin gishirin da ke cikin ruwan, mataki-mataki, da lambobi. In ba a saita ba, ƙara kawai zai yi ta yi ya kulle kansa. Duk lambobin na rubuta su a shafin ƙarshe na littafin gyarana, wanda nake rubutawa da Hausa cikin ajami, don da shi hannuna ya fi sauri.

Da na zo wurin saitawa, sai na ji bakina ya ce masa ya taimaka ya karɓo mana shayi wurin Ummu Yusuf. Ya tafi. Kafin ya dawo na gama, inji na gurnani. Ya ajiye shayin, ya dubi allon, ya dube ni, ya ce wannan ɗin fa yaushe za a nuna masa. Na yi dariya na ce saura kaɗan, ai ba a yaye mutum rana ɗaya. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Sabo ne ya fito daga hannuna ba tare da na kira shi ba. Amma in zan faɗi gaskiya duka, akwai kuma jin daɗi. A ƙasar da kowane shinge ke nuna mini ni ba kowa ba ne, na ji daɗin a ce akwai abu ɗaya da sai ni.

Wata uku suka cika. Ofishinmu ya ce in fita Amman, babban birnin Jodan, kwana goma, a sabunta biza daga waje in dawo. Direba ya ba ni shawara in bar littafin, ya ce rubutun Larabci da zanen wayoyi da lambobi, in aka gan shi a gada sai na kwana biyu ina bayani. Na sa shi a durowar Ummu Yusuf. Ban bi gida-gida na yi sallama ba kamar yadda aka koya mini, don wa ke sallama kan kwana goma? Abu Samir yana kan inji lokacin da zan fita. Na ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa na ce sai na dawo, zan nuna masa abin nan.

Amman kuwa ta riƙe ni mako bakwai. Otal ɗin cike yake da irinmu, likita daga Indiya, mai haƙar rijiya daga Kenya, wata ungozoma daga Filifin, kowa fasfo a aljihu, kowa na duba waya. Kullum da safe sai a ce an yi wani zama a wani babban zaure, wakili ya yi jawabi, wani wakilin ya tashi ya fita. Da rana sai a ce an dakatar da bizar ma'aikata har sai an sake nazari. Wani mai ƙaton agogo ya same ni a masallaci ya ce yana da mutum a ciki, kwana uku zai fitar mini. Ni da na girma a Najeriya, na san irinsu tun daga tafiyarsu, amma ƙagara ta rufe mini ido. Ya karɓi abin da ya karɓa ya kashe waya. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

A mako na bakwai aka kira ni aka ce ba a ba ni ba. Ba dalili, ba laifi, ba a dai ba kowa ba. Aka karɓi wayar aiki, aka ba ni tikitin gida. Duk lambobin mutanen garin a cikin wayar nan suke, kuma ita kaɗai ce lambar da suka sani tawa. Ban yi wannan lissafin ba sai da jirgi ya tashi.

Na yi kwana goma sha biyu a Gashuwa. Ranar ina bakin kogi bayan azahar ina cinikin kifi, wata baƙuwar lamba ta shigo. Ummu Yusuf ce, kuma ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce kwana biyar ke nan tana nemana, sai da ta bi ta ofishi uku kafin aka ba ta lambar gida. Famfon ɗaya injin ya mutu. Abu Samir ya ɗaura na kabad tun ranar farko, daidai wa daida, amma injin ya kulle yana ƙara. An rufe hanyar birni tun farkon mako. Mutum goma sha ɗaya a kan inji guda, an rage wa kowa lokaci. Shi kuma sau biyu yana barin layinsa ga wata mai jego, yana cewa shi yana kusa da gano bakin zaren. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai a zaune.

Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Na nemi lambobin a kaina, biyu suka zo, sauran suka ɓace, kuma abu ne da ba a yi masa kirdado, don kuskure ɗaya zai lalata jinin mutum. Na ce ta buɗe durowarta ta ɗauko littafin, ta ɗauki hoton shafin ƙarshe. Hoton ya ƙi shigowa, sabis ɗin ba ya ɗaukar komai sai murya, ita ma tana yankewa. Sai na ji an karɓi wayar. Numfashinsa na fara ji kafin muryarsa, irin na wanda ya hau tudu da kaya.

"Abu Falmata," in ji shi, "haruffan namu ne, maganar taku ce. Zan karanta, kai ka gaya mini me na ce."

Haka muka yi. Dattijon da bai taɓa jin Hausa ba ya dinga karanto mini rubutuna harafi-harafi, yana tsayawa ya ja iska. Na ji bakinsa na cewa a danna na sama da na ƙasa tare, a ƙirga biyar. Ni kuma in mayar masa da Larabci, ya danna, ya gaya mini abin da allo ya nuna. Sau huɗu waya na yankewa. Masunta suka taru suna kallona ina ihu da Larabci a bakin kogi, hawaye na zuba, ban damu ba. La'asar ta yi ta wuce. Daga ƙarshe ƙarar nan ta tsaya, na ji gurnanin da na sani. Na sa Ummu Yusuf ta auna ruwan da ma'aunin hannu sau biyu, ya fito daidai.

Abu Samir ya yi dariya har ta koma tari.

"Wannan ne duk abin? Shafi ɗaya?"

Na ce ya yafe mini. Na ce laifina ne, na riƙe abin da ba nawa ba. Ya ce in bar kuka, shi ma maigidansa haka ya yi masa, shi ma haka ya yi wa waɗanda ya koyar, kowa na zaton zai dawo gobe. Daga nan na ji Ummu Yusuf tana masa faɗa ya hau gado, ta kashe wayar.

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. Likita ya ce zuciyarsa dama ta gaji, ba za a ce kwana biyar ɗin nan ne ba. Ummu Yusuf ma ta ce kar in ɗora wa kaina, in ɗora wa waɗanda suka rufe gada da waɗanda suka kasa zama su daidaita. Na ji su. Amma ni ne na aike shi karɓo shayi, kuma wannan ba gwamnati ce ta sa ni ba, ba hukuma ba ce.

Bayan sadakar bakwai hotuna suka shigo wayata daga Ummu Yusuf. Littafina ne. A ƙarƙashin kowane layi na shafin ƙarshe Abu Samir ya rubuta fassarar da Larabci, da rubutu mai rawa. Hoto na biyu kwali ne manne a jikin inji, ya kwafe shafin da manyan haruffa. Ta ce ya yi guda biyu, kowane inji da nasa, ya zaunar da ita da likita da mai shara ya sa kowa ya yi a gabansa har sau uku. Ta ce har yau ba a turo mai gyara ba, kaya na nan a tasha, amma injinan biyu suna aiki. A ƙarshen saƙon ta rubuta sunana cikakke, Bukar.

Yanzu ina aiki a Nguru. In na ji rediyo na cewa dangantaka ta ƙara tsami tsakanin Isra'ila da hukumomin duniya, mutanen majalisar shayi sukan ɗauki musu, kowa da wanda yake zagi. Ni ba na sa baki. Ezra nake tunawa da tsohuwar jaridarsa, da wani ɗaki a kan dutse inda mutum goma suke jiran layi.

Ran wata Juma'a na je gaida Malam Ari. Ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya tafi, shagon ma jikokinsa sun mai da shi wurin cajin waya. Na zauna a kan tabarma na ba shi labarin tun daga gada har kwali. Ban yi masa gori ba, ban ce shi ya koya mini ba. Yana ta jan carbi har na zaci gyangyaɗi yake. Sai ya yunƙura ya jawo tsohon akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani guntun injin janareta da na sani tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

"Ranar da na yaye ka," in ji shi, "akwai ɗaya da na rage. Matso kusa, Bukar, tun ina gani."